Na je sayen turmi ɗaya na dawo da kaya niƙi-niƙi, wai laifin wa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku zo ku raba mu gardama ni da maigida. Ranar Asabar na shiga Kantin Kwari da niyyar atamfa turmi ɗaya tak, ankon bikin ƙanwata, hoton zanen ma yana cikin wayata. Da la'asar na dawo da atamfa turmi uku da shadda yadi biyar, alhali ba wanda ya aike ni. Kuɗin da na ɓoye don gyaran keken ɗinkina duk sun bi ruwa.

Ga yadda aka yi. Tun a bakin layi wani yaro ya tare ni, "Hajiya me ake nema?" Na nuna masa hoton, ya ce akwai, ya ja ni har wani shago can ciki. Aka miƙo kujera, aka juyo min fanka, aka kawo ruwan leda mai sanyi. Mai shagon ya ce zanen yana sito, ya tura yaro ɗaukowa. Kafin yaron ya dawo sai bawan Allah ya fara sauko da wasu, yana warwarewa yana ɗora min a cinya, yana cewa "ba sai kin saya ba Hajiya, taɓa kawai ki ji." Ni kuwa na taɓa. Daga nan ban san yadda aka haihu a ragaya ba.

Maigida ya ce rashin riƙe kai ne. Ni na ce mutumin nan ba haka kawai yake zaune ba, akwai abin da ya taka. Wa ya fi gaskiya?

Bakatsiniya:
Wayyo cikina! Yaya, ba ke kaɗai ba ce. Ni na daɗe da daina shan ruwan shago. Da zarar kin kurɓa, kin ci bashin da ba a rubuta ba. Ta yaya za ki sha wa mutum ruwa, ki zauna masa a kujera, ki tashi ki ce "bari in zagaya"?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, shekarata 19 a kasuwar nan, daga yaron shago na fara. Ba asiri, ba laya. Abin da aka yi miki sana'a ce, kuma koyar da ita ake yi.

Abu na farko da ubangidana ya koya min shi ne, kayan da ke ninke a kan kanta bebe ne, ba ya magana. Sai ka sauko da shi ka baza, haske ya dake shi, sannan ka sa shi a hannun mai saye. Ya ce kada ka taɓa tambayar mace "za ki saya?" domin amsar tana iya zama a'a. Ka tambaye ta "wannan da wannan wanne ya fi kama jikinki?" Duk wanda ta nuna, ciniki ya fara. Na biyu, kada ka cika mata gaba. In ka sauko da ashirin sai ta rikice ta ce bari ta je ta yi shawara, mu kuma mun san wanda ya tafi shawara ba ya dawowa. Ka fara da yawa don ka gane inda idonta yake tsayawa, sai ka kwashe sauran ka bar uku ko huɗu.

Maganar sito kuma, a yi mana adalci. Sau da yawa da gaske ne, shagunanmu ƙanana ne, dila-dila suna can a ajiye. Wani lokacin ma kayan ba namu ba ne, na maƙwabci ne za a karɓo a ɗora ɗan abin da ya samu. Amma ba zan yi ƙarya ba, ba ɗan kasuwar da zai bar kwastoma ta zauna minti goma hannunta babu komai.

Uwar Biyu:
To ai ka ji! Kai da bakinka ka faɗa. Alhaji, wannan ba tarko ba ne? Har da ninkin ma, ina kallon yadda ya warware kusan goma, sai na ji nauyin in tashi in bar su da aikin ninkewa.

Ɗan Kwari:
Wannan nauyin da kika ji, mun san da shi. Amma ninki ai aikin yaro ne, shi ake biyansa. Ba wanda ya sa hannu a jakarki, Hajiya.

Ɗalibin Kasuwanci:
Abin da Alhaji ya koya a hannun ubangidansa, mu a aji aka karantar da mu shi, kuma na yi mamakin yadda suka zo ɗaya. A 2009 wasu malaman jami'a mata biyu a Amurka, Joann Peck da Suzanne Shu, sun gwada abin: suka ajiye ƙananan kaya gaban mutane, wasu aka bar su su taɓa, wasu kallo kawai. Waɗanda suka taɓa sun fi jin kamar abin nasu ne, kuma in taɓawar ta yi musu daɗi sai su ƙara masa daraja. Tun kafin nan, a 1990, wasu masana uku, Kahneman da Knetsch da Thaler, sun raba wa rabin ɗalibai kofin shayi kyauta, sauran ba a ba su ba. Da aka ce a yi ciniki, masu kofi suka riƙa neman kusan ninki biyu na abin da marasa kofi suka yarda su biya. Kofi iri ɗaya ne, mintuna kaɗan ya yi a hannunsu. Wato rabuwa da abin da ya riga ya shiga hannu ta fi ciwo a kan rashin samunsa tun farko. Shaddar nan da aka ɗora wa Anti a cinya, a zuciyarta ta riga ta zama tata, miƙa ta baya sai ya zama kamar asara.

Maganar uku ko huɗu ma akwai gwajinta. A 2000 wasu masana biyu, Iyengar da Lepper, sun kafa teburin ɗanɗana jam ɗin shafa wa burodi a wani kanti a Kalifoniya. Da aka jera kala 24 mutane sun fi tsayawa, amma kashi 3 cikin ɗari ne suka saya. Da aka rage zuwa kala 6, kashi 30 suka saya. Sai dai waɗanda suka sake irin gwajin daga baya ba kullum suke samun haka ba, don haka ba doka ba ce.

Baba Mai Goro:
Yaro, Allah shi yi maka albarka da karatu, amma kada ku mai da taɓa kaya wani makircin 'yan kasuwa. Taɓawa makamin mai saye ce. Ni in za ni sayi huhun goro sai na tura hannu har ƙasa, don na sama ado ne. Mai sayen gero a Dawanau tauna shi yake yi ya ji ko ya bushe. Shadda kuwa murza ta ake yi, a ɗaga ta a rana, wasu har shinshina ta suke yi. Mai ankon da ya yi zuba tun wankin farko ya san abin da nake faɗa. Ba a cinikin biri a sama. Ɗan kasuwar da za ka ji tsoro shi ne mai cewa kada ka buɗe leda.

Ɗalibin Kasuwanci:
Baba, ban musa ba. Ina cewa ne wuƙar tana da baki biyu. Da hannun da kake gano algus, da shi ne kuma zuciya take ƙulla ƙawance da kaya.

Almajirin Zaure:
Maganar Baba ta tuno min da hadisin da ke cikin Muslim. Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wajen wani mai tarin abinci, ya sa hannunsa a ciki, yatsunsa suka ji danshi. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya dake shi. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kun ga har yadda ake jera kaya shari'a ta shiga.

Sannan akwai cinikin da Larabawa suke yi kafin Musulunci, ana ce masa mulamasa: da zarar ka taɓa tufa, ciniki ya faɗa, ko ba ka buɗe ka duba ba. An hana shi, hadisin yana Bukhari da Muslim. Don haka 'yar uwa, taɓawa ba ta ɗora miki komai. Ko turmi hamsin aka warware miki, kina da damar ki ce Allah ya ba da kasuwa ki tashi. Inda nake jan hankalin Alhaji da abokan sana'arsa shi ne wurare biyu. Rantsuwa, wadda hadisi ya ce tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Da najashi, wato a sa wani ya zo yana taya kaya da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a zuga na gaske. Kujera da ruwan sanyi da sakin fuska kuwa ban ga laifinsu ba.

Ɗan Kwari:
Malam, rantsuwa kam muna fama, Allah ya shirye mu. "Wallahi ban saya haka ba" ta zama kamar gaisuwa.

Mai Shagon Unguwa:
Ku bar Alhaji ya huta, ni zan tona kaina. Shagon tireda gare ni. Da, alawa da biskit suna can kantar sama bayan kaina. Wata rana ina gyara sai na sauko da robobin na jera su a bakin taga, daidai tsayin yaron da aka aiko sayen magi. Tun daga ranar, canjin naira 50 ba ya komawa gida. Iyaye mata har ƙorafi suke yi. Ban canza farashi ba, ban yi wa kowa talla ba, wuri kawai na canza.

Mazaunin Ingila:
Abin da ka yi da robar alawa shi manyan kantuna suke yi da injiniyoyi da taswira. Tarihin ma yana da ban dariya. Da can a ƙasashen nan ma kamar shagonka ne, ka tsaya a bakin kanta ka faɗi abin da kake so a ɗauko maka. A 1916 wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe kanti a Memfis ta Amurka, Piggly Wiggly, inda mai saye zai shiga ya ɗauka da hannunsa, kuma aka tsara hanyar ciki yadda sai ka bi ta gaban kowace kanta kafin ka kai wurin biya. Sai kuma aka lura mutum yana daina ɗauka da zarar kwando ya yi masa nauyi a hannu. A 1937 Sylvan Goldman a Oklahoma ya fito da kwando mai taya. Mutane suka ƙi shi, maza suna ganin raini ne, mata suna cewa sun gaji da tura keken jarirai. Sai ya ɗauki hayar mutane maza da mata su riƙa zagaya kantin suna turawa kamar masu sayayya, har sauran suka kwaikwaya. Malam, wannan ba ɗan uwan najashi ba ne?

Yau in ka shiga IKEA, babban kantin kayan ɗaki, hanya ɗaya aka zana maka da kibiya a ƙasa, ka je sayen cokali sai ka ratsa ɗakunan kwana da kicin an shirya su kamar gidan amarya, kuma ana so ka zauna a kujerun, ka buɗe durowa. A kantunan abinci kuma madara da ƙwai suna can ƙurya, kaya masu riba a daidai ido, masu araha sai ka durƙusa. Kamfanoni biyan kuɗi suke yi don a ba kayansu wuri mai kyau. Abin ya kai ga tun Oktoban 2022 doka ta hana manyan kantuna a Ingila jera alawa da cakulan da makamantansu a wurin biyan kuɗi da bakin ƙofa da ƙarshen layi. Wato gwamnati da kanta ta yarda wurin ajiye kaya yana juya mutum.

Injiniyan Sanyi:
Ɗan uwa, maganar madara a ƙurya ina da ja. Aikina kenan, haɗa firji da ɗakin sanyi. Ɗakin sanyi a bayan gini yake, kusa da inda mota take sauke kaya, kuma manyan firji daga baya ake loda su. Ka kawo su bakin ƙofa, kullum ana buɗewa zafi yana shiga, kuɗin wuta da dizal ya cinye ribar. Ba komai ne makirci ba.

Mazaunin Ingila:
Na yarda da kai rabi. Amma ka lura ba su taɓa jin haushin wannan larurar ba.

Bakatsiniya:
Ni abin da ya ci ni a irin waɗannan wurare ƙamshi ne. Lokacin da aka buɗe Shoprite a Ado Bayero Mall a 2014, in mun zo Kano sai mun leƙa, wai shan sanyi da ɗaukar hoto. Ba mu taɓa fitowa hannu rabbana ba, ko ba komai burodin nan mai zafi sai ya biyo mu. Kuma tunda ba tayi, ba "albarka", ba wanda zai ce miki kin yi yawa, sai a wurin biya gabanki ya faɗi, ga layi a bayanki, kunya ta hana ki ce a cire wani abu.

'Yar Sabon Gari:
Kun yi ta maganar taɓa kaya, ba wanda ya yi maganar taɓa mutum. Ni abin da ya raba ni da wasu layuka kenan. Lungu ƙunci, an fito da tebur an cinye rabin hanya, mai baro yana ihu a bayanki, wani ya bangaje ki, wani ɗan talla ya kamo gefen mayafinki wai ki zo ki gani. Ko zinare ake rabawa a wurin ba na tsayawa. Akwai shagon takalma da nake so ƙwarai, na bar zuwa saboda kawai ba inda zan tsaya in gwada ba tare da ana goga ta ba.

Ɗalibin Kasuwanci:
Anti, wannan ma an lura da shi. Paco Underhill, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar masu sayayya a bidiyo a kantunan Amurka, ya ga cewa mutum, musamman mace, in yana duba kaya aka goge shi ta baya sau ɗaya sau biyu, sai ya ajiye ya bar wurin. Amma akwai wani binciken na 1984 da ya nuna in ma'aikaciyar gidan abinci ta ɗan taɓa hannu ko kafaɗar mai cin abinci, yakan ƙara mata kuɗin goro.

'Yar Sabon Gari:
Can dai! A nan mai shago ya taɓa kafaɗata ya ga yadda ake tara jama'a.

Baba Mai Goro:
Tsakanin maza akwai shi, 'yata. Ba ki ga dillalin shanu ba? Ya kama hannun mai saye ya ƙi saki, yana girgizawa yana "sallama, sallama", har sai an ce an sallama. Hannun nan da ya riƙe, shi ya hana ka juyawa.

Ɗan Kwari:
Ƙanwata 'Yar Sabon Gari ta faɗi gaskiya, kuma mu ma yana cutar da mu. Amma ku gane dalilin yaran da ke tare hanya. Shagon bakin layi kuɗin hayarsa ba ɗaya ba ne da na lungu ko na saman bene, don ƙafa ta fi bi ta nan. Wanda ke ciki in bai sa yaro a waje ba sai ya wuni bai yi cinikin fari ba. Yaron kuma kamasho yake ci, kuma a cikin kuɗin da kika biya yake. Shawarar da zan ba mata kyauta: in kin san shagon da za ki, ki tafi kai tsaye, za ki fi samun sauƙi.

'Yar Maraɗi:
Ni ta WhatsApp nake sai da leshi da atamfa, kuma babbar matsalata ita ce rashin taɓawar nan. Hoto ba ya gaya wa mace nauyin zane. Sai na koma yin bidiyo, in damƙe shaddar kusa da waya su ji ƙararta, in ɗaga ta a rana, in zuba mata ruwa su gani. Duk da haka sai an ce kalar ba ita ba ce. Abin da ya fi yi min aiki shi ne dabarar kakata, dillaliya ce ta shiga gida-gida. In ta ga mace tana juya zane tana cewa ba kuɗi, sai ta ce "bar shi ya kwana wurinki, gobe na biyo." Ta ce zanen da ya kwana a ɗaki, aka gwada shi gaban madubi, kishiya ta gani, da wuya ya fito. Yanzu nima in na yarda da mace, aika mata nake yi da kala biyu ta zaɓi ɗaya. Sau da yawa duka biyun take riƙewa, ta ce a bi ta jika goma zuwa ƙarshen wata.

Mai Shagon Unguwa:
Amma abin mamaki, mutumin da ya gama latsa burodin gaba, in zai saya sai ya ce a ba shi na baya wanda ba a taɓa ba.

Bakatsiniya:
Ai ni ce wannan. In gwada na samfur, in ce a ɗauko min na cikin leda.

Uwar Biyu:
Na gode jama'a, na fasa zancen asiri. Amma Malam, tunda taɓawa ba ta ɗora min komai, zan iya mayar da shaddar?

Almajirin Zaure:
A'a 'yar uwa, ki bambance. Taɓawa daban, biya daban. Kin taya, an sallama, kin biya, kin tafi, ciniki ya ƙullu, in dai ba aibi kika gani ba. A mazhabar Malikiyya ma da zarar an yi ijabi da kabuli ya zauna, ko ba ku rabu ba. Abin da ya rage shi ne ki roƙe shi ya yi miki iƙala, wato ya karɓi kayansa ya mayar miki da kuɗi don Allah. Akwai lada mai yawa ga ɗan kasuwar da ya yi haka, amma ba dole ba ne a kansa.

Ɗan Kwari:
Atamfar in ba a cire mata takarda ba, ki kai, mai mutunci zai canza miki ko ya karɓa. Shadda kuwa almakashi ya riga ya shiga, yadi biyar da aka yanka ba mai karɓa.

Uwar Biyu:
To ga ƙarshen labari. Jiya da daddare na miƙa wa maigida wayar ya karanta duk abin da kuka rubuta. Ya gama ya ce ai ga shi nan, shi ya yi gaskiya. Na ce to naji, bari in ɗauko shaddar ka gani ko ƙaninka zai saya in rage asara. Ya karɓa yana faɗa, yana murzawa, ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya ɗora a kafaɗa. Faɗan ya yi ta raguwa. Yau da safe na neme ta a durowa ban gani ba, ashe ya biya da ita wurin telansa. Har yanzu bai ce komai a kan kuɗina ba, keken ɗinki kuma yana nan a rufe da zani.

Ɗan Kwari:
Hajiya, yadi biyar kaftani da wando kawai zai yi masa. In da babbar riga yake so sai an ƙara biyar. Turo min hoton kalar ta akwatin sirri in duba sito.